Sake cika kwanson harsashi a gida: riba ce ko ɓata lokaci?

A filayen wasan harbi na Amurka da na Faransa akwai mutanen da in sun gama harbi ba sa tafiya sai sun duƙa sun tsince kwanson harsashin da bindigarsu ta zubar, ɗaya bayan ɗaya, sun zuba cikin jaka. Ba shara suke yi ba. Gida za su kai shi, su wanke, su sake cika shi, ya koma harsashi kamar sabo. Faransawa na kiran wannan aiki rechargement, kuma yana da littattafansa da shagunansa da kamfanonin da ba su da wata sana'a sai ƙera kayansa. Tambayar da duk sabon shiga yake yi ita ce wadda mai karatu ma zai yi: wahalar tana biyan kanta?

Amsar ta danganta da irin harsashin da mutum yake harbawa da yawan abin da yake harbawa a shekara. Ga mafi yawan masu bindiga, a ganina, ba ta biya. Amma sai an buɗe harsashin an ga abin da ke ciki kafin a gane dalili.

Abu huɗu ne a cikin harsashi

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso, akwai albarushi a cikinsa, akwai ƙwayar da ke fita ta sami abin da aka auna, sannan akwai wani ɗan ƙaramin ƙoƙon ƙarfe a gindin kwanson, wanda Faransawa ke ce wa amorce. A nan za mu kira shi ƙyastu, don aikinsa ke nan: allurar bindiga ta buge shi, ya yi tartsatsi, albarushi ya kama. Da zarar an ja kunama uku daga cikin huɗun sun tafi. Ƙwaya ta fita, albarushi ya ƙone, ƙyastu ya mutu. Kwanso kaɗai ke saura.

To, shi kwanson ne sau da yawa ya fi sauran tsada wajen ƙerawa, musamman a harsashin dogayen bindigogi. Da tagulla ake yin sa, wajen kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Tagulla tana buɗewa in zafi da matsi suka taso, ta toshe hanyar iska ta baya, sannan ta ɗan koma yadda take, a iya zare ta. Wannan hali ne ya sa ake iya maimaita ta. Kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki yakan jure cikawa sau goma ko fiye. Na doguwar bindiga, mai wuya kamar kwalba, yana saurin gajiya: yana miƙewa, bakinsa yana tsagewa, sai an riƙa duba shi ana yar da wanda ya lalace.

Ba kowane kwanso ba ne ake sake cikawa. A 1866 wani kanar na sojan Ingila, Edward Boxer, da wani Ba'amurke, Hiram Berdan, kowa ya fito da nasa tsarin ƙyastu. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, saboda haka cire mataccen ƙyastu ba wuya. Na Berdan ƙananan ramuka ne a gefe, cire shi aiki ne mai cin rai. Abin dariya, Amurkawa na Baturen Ingila suka ɗauka, sojojin Turai kuma suka rungumi na Ba'amurken. Wannan kaɗai ya taimaka wajen mayar da Amurka cibiyar wannan sha'awa. Harsashin Kalashnikov da aka ƙera a Rasha ko Sin galibi kwanson baƙin ƙarfe ne mai tsarin Berdan, masu cika harsashi ba sa ko kallonsa. Haka ɗan ƙaramin harsashin nan na .22, wanda ƙyastunsa ke cikin leɓen kwanson: in an harba shi ya gama aiki.

Aikin kansa na haƙuri ne, a kan teburi. Ana buƙatar injin matsi mai hannu, da ƙarafunan da ke daidaita kwanso na kowane kaliba, da sikeli mai auna abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba, da ma'aunin tsawo, da littafin awo wanda kamfanin albarushi ya buga. Sana'ar ta tsufa. Tun 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a Amurka yana sayar wa mafarauta wani ƙarfe mai kama da awartaki don wannan aiki, daga baya kamfanin Lyman ya gaje shi. RCBS ya fara a 1943 a Kalifoniya, lokacin da yaƙi ya sa ƙwayar harsashi ta yi wuyar samu ga farar hula. Bayan yaƙin Bruce Hodgdon ya sayi ragowar albarushin soja mai ɗimbin yawa ya riƙa sayarwa da araha, Richard Lee kuma a 1958 ya fito da kayan aiki masu sauƙin kuɗi da talaka zai iya saye. A wancan zamani ribar a fili take, don kayan haɗin kusan kyauta suke. Yawancin labarin da ake bayarwa na arahar cika harsashi daga wancan lokaci aka gado shi.

Lissafin

Lissafi ne na ɗan ajin CM2. A ɗauki kuɗin kayan aiki, a raba shi da abin da ake ragewa a kan kowane harsashi, sai a ga harsashi nawa za a cika kafin a mayar da uwar kuɗi. Mu ɗauki farashi na misali, kusa da abin da ake gani a kasuwar Amurka a ƴan shekarun nan. In na ce dala, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Santi ɗari ne dala ɗaya.

A ce mutum ya kashe dala 400 a kan injin matsi da sikeli da sauran tarkace. Ana samun ƙasa da haka, ana kuma kashe ninkin haka sau uku, amma 400 tsaka-tsaki ne.

Mu fara da 9 mm, harsashin ƙaramar bindiga da aka fi harbawa a duniya. In an saye shi da yawa daga kamfani, ƙwaya ɗaya tana kamawa wajen santi 25. Wanda zai cika da kansa zai sayi ƙyastu a wajen santi 8, ƙwaya a santi 10 zuwa 12, albarushi na santi 2 ko 3, kwanso kuma a ce tsintuwa ya yi. Jimla santi 21 ko 22. Abin da ya rage masa santi 3 ko 4 ne a kan kowane harsashi. Kafin dala 400 ta dawo sai ya cika harsashi fiye da 10,000. Da injin hannu mai yin aiki ɗaya a lokaci guda, wanda ke fitar da 50 zuwa 100 a awa, wannan aikin awa ɗari ne ko ɗari biyu, kuma har yanzu bai ci ribar ko santi ɗaya ba. Akwai injin da ke yin ayyuka da dama a ja ɗaya, irin na kamfanin Dillon, mai fitar da ɗaruruwa a awa, amma kuɗinsa ya fi haka nesa, sai uwar kuɗin ta ƙara nisa.

Dalilin yana da sauƙi. Masana'antar da ke ƙera miliyoyin 9 mm tana sayen jan ƙarfe da dalma da albarushi a farashin da mutum ɗaya ba zai taɓa samu ba. Mai cika harsashi a ɗakinsa yana gasa ne da inji mai aiki dare da rana, a kan kayan da injin ya fi ƙwarewa a kai.

Yanzu a juya ga doguwar bindiga, kamar .308 Winchester. Harsashi mai kyau na gasa ko na farauta yana kaiwa dala ɗaya da rabi zuwa biyu. Kayan haɗinsa kuwa, har da rabon kuɗin kwanso a kan yawan maimaitawa, ba su cika wuce santi 90 ba. Albarushi a nan yana da nauyi a lissafi: gwangwanin laba ɗaya, wato giram 454, yana cika harsashin 9 mm fiye da dubu, amma na .308 wajen 150 kawai. Duk da haka ragin yana kusan dala ɗaya a kan kowane harsashi. Harsashi 500 sun isa su biya kayan aiki. Mai zuwa filin gasa duk mako zai kai nan cikin ƴan watanni.

In aka hau zuwa manyan harsasan farautar ɓauna da giwa, irin .375 H&H da aka fito da shi a 1912 ko .416 Rigby na 1911, waɗanda Turawa masu farauta ke shigowa da su gandun dajin Kamaru ko Tanzaniya, tazarar ta fi haka faɗi. Ƙwaya ɗaya daga kamfani tana cin daloli da dama, saboda kaɗan ake ƙerawa. Wanda ya cika da kansa zai iya rage rabi ko fiye.

Ƙa'idar ke nan: iya tsadar harsashi da ƙarancinsa a kasuwa, iya ribar cika shi. Sai dai akwai tarko a ciki. Harsasan da suka fi riba su ne waɗanda ba a harbawa da yawa. Faransa tana da mafarauta kusan miliyan ɗaya, kuma mai farautar barewa ko gursunu da yawa ba ya gama kwali biyu na harsashi 20 a shekara. In ya rage yuro ɗaya a kan kowanne, yuro 40 ke nan a shekara, wajen jaka 26 na sefa. Zai shekara goma kafin ya mayar da kuɗin kayan aikinsa. Wannan mutum ya je shago ya sayi kwalinsa ya huta.

Akwai wani ɗan ragi da Amurkawa ke samu wanda ba kowa ya lura da shi ba. Harsashin da aka gama haɗawa yana ɗauke da harajin tarayya na kashi 11 cikin ɗari, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don kula da namun daji. Kayan haɗin da aka sayar daban-daban ba sa ɗauke da shi. Mai cika harsashi yana tsallake harajin, gandun daji kuma yana rasa rabonsa.

Kartushin kaliba 12, wanda mafarautan yankinmu suka fi sani, lissafinsa ya fi kowanne rashin daɗi. Kwansonsa roba ce mai ɗan ƙarfe a gindi, ba ta da wata daraja, abin da ke da tsada shi ne ƙananan ƙwayoyin dalma. Tun da farashin dalma ya hau, buhun laba 25 da ake sayarwa a Amurka ya cinye ribar, har ta kai kartushin kamfani mai araha yana yin kunnen doki da na gida. Waɗanda suka ci gaba da cikawa galibi masu ƙananan kaliba ne, 28 da .410, da ke da tsada a shago.

Su kansu masu wannan sha'awa sukan faɗi wata gaskiya da lissafi ba ya nunawa: kuɗin da aka rage ba ya komawa aljihu. Wanda yake harba 50 a zuwa ɗaya sai ya koma harba 150, tunda yanzu harsashi ya yi masa araha. A ƙarshen shekara abin da ya kashe bai ragu ba, wani lokaci ma ya ƙaru.

To me ya sa suke yi?

Saboda ba don kuɗi ba ne kaɗai. Kowace bindiga tana da halinta. Bututu biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya ba lalle su so harsashi iri ɗaya ba. Harsashin kamfani kamar rigar kanti ce, an ɗinka ta don ta shiga kowa. Na gida kamar ɗinkin tela ne da ya auna mutum. A gasar harbi daga kan teburi, inda ake auna tazarar ramukan harsashi da milimita, kusan ba wanda ke zuwa da harsashin shago. Ga irin waɗannan mutane maganar riba ba ta ma taso ba.

Sai masu tsofaffin bindigogi. Wanda ya gaji bindigar Gras ta 1874, irin wadda ta shigo ƙasashenmu a farkon mulkin mallaka, ko wata da aka daina ƙera wa harsashi tun zamanin kakanni, ba shi da shagon da zai je. Ko ya cika da kansa ko ya rataye ta a bango. A Faransa akwai gasa ta musamman ta tsofaffin bindigogin soja a ƙarƙashin tarayyar wasan harbi ta ƙasar, kuma da dama daga cikin masu shiga da harsashin hannunsu suke zuwa.

Akwai kuma waɗanda aikin ne kawai yake musu daɗi, kamar yadda wani ke kwana gyaran tsohon babur da zai iya sayen sabonsa. Wannan dalili ne mai kyau, muddin mutum bai yaudari matarsa da cewa tattali yake yi ba.

Dalili na ƙarshe da ake yawan kawowa shi ne dogaro da kai: in harsashi ya yanke a kasuwa, ni ina da nawa. Shekarar 2020 ta gwada wannan magana. Annobar korona da zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, Amurkawa suka yi rububin sayen bindiga, har hukumar FBI ta yi binciken masu saye kusan sau miliyan 40 a shekarar. Kamfanin Remington ya durƙushe a watan Yuli, masana'antarsa ta Arkansas ta ja baya a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Kamfanonin da ke yin ƙyastu a Amurka ƴan ƙalilan ne, kuma su ne dai masu ƙera harsashi. Da suka ga harsashi na tafiya kamar ruwa, sai suka riƙe ƙyastun don aikinsu. Kwalin dubu da ake saye a wajen dala 30 ya ɓace daga shaguna, inda aka same shi kuma ya haura dala 100. Mutum ga kwanso buhu-buhu, ga inji, ga albarushi, amma ba ya iya haɗa harsashi ko ɗaya saboda rashin abin da bai kai ƙwayar wake ba. A watan Agustan 2021 gwamnatin Biden ta hana shigo da harsashin Rasha, kasuwa ta ƙara tsukewa. Farashin ƙyastu ya sauko daga baya amma bai koma inda yake ba, kuma shi ne ya kashe ribar 9 mm da muka lissafa a sama. Wanda ya tsira a 2020 shi ne wanda ya tara kaya tun kafin lokacin, kuma da harsashin kamfani ya tara da shi ma ya tsira.

Abin da ba ya shiga lissafi

Lokacin da harsashin .308 ya tashi, matsin da ke cikin bututun yana iya haura bar 4,000. Tayar mota bar biyu da ɗan kai take ɗauka. Wannan wuta tana tashi ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Shi ya sa aka kafa hukumomin da ke sa iyaka: CIP a Turai tun 1914, SAAMI a Amurka tun 1926. Kamfani yana da bututun gwaji da na'urar auna matsi. Mai cika harsashi a gida ba shi da su, littafi ne kawai da hankalinsa.

Kuskure biyu ne suka fi yin ɓarna, kuma duka biyun na rashin natsuwa ne. Ɗaya, a zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya. A ƙaramar bindiga abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai, kwanson yana iya ɗaukar ninkinsa ba a lura ba, sakamakon kuwa bindiga ta tarwatse a hannu. Na biyu, a manta ba a zuba ba sam. Ƙyastu shi kaɗai zai tura ƙwayar ta maƙale a tsakiyar bututu, in mai harbi bai ji bambancin ƙarar ba ya sake jan kunama, harsashi na biyu ya tarar da hanya a toshe. Ga kuma rikita gwangwani: albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri, na doguwa a hankali, a ido kuma suna iya kama da juna. Kamfanonin bindiga da dama sun rubuta a takardarsu cewa in aka yi amfani da harsashin gida garantinsu ya faɗi.

Sai dalma. Tana cikin ƙwaya, tana kuma cikin sinadarin ƙyastu, saboda haka ƙurar da ke tashi wajen wanke kwanso tana ɗauke da ita. Waɗanda ke narka dalma su zuba ƙwayarsu da kansu, don ƙara rage kuɗi, su suka fi shiga haɗari. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani ba: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Jikin yaro ba ya bambance dalmar ma'adini da ta harsashi.

Doka ma kuɗi ce da lokaci. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda zai cika don kansa, amma mai yin sana'ar sayarwa sai da lasisin masana'anta. A Faransa an yarda, ga wanda yake da izinin riƙe bindigar da harsashin ya dace da ita, ta hanyar takardar farauta ko lasisin wasan harbi, kuma albarushin da mutum zai ajiye bai wuce kilo 2 ba. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa an karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar wa mutum albarushi. A Ingila ƙyastun kansa sai an nuna takardar mallakar bindiga.

A wajenmu fa?

Mai karatu a Maradi ko Garwa zai iya cewa ai mu mun riga su, tunda maharbinmu shi yake ɗura bindigarsa. Gaskiya ne, ɗurin bindiga ta baki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun yana da maƙeran da ke zuba masa igwa, ana kuma haɗa albarushi a Zinder. Har gobe ƴan bindigar sarki suna cika gari da hayaƙi a hawan salla. Amma wannan wani abu ne daban. Bindigar toka baƙin albarushi take ci, mai hayaƙi, mai matsi kaɗan. Harsashin zamani yana aiki ne da albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884 aka fara sa shi a bindigar Lebel ta 1886. Sunan ne kawai ɗaya. Ƙarfin na biyun ya ninka na farkon, kuma bututun da maƙeri ya yi daga bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ba a yi shi don ya ɗauke shi ba. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye cikinsa a bindigar gargajiya yana wasa ne da yatsunsa da idanunsa.

Abin da ya sa cika harsashi yake yiwuwa a Amurka ko Faransa shi ne kasuwar halal ta kayan haɗi: ƙyastu a kwali mai lamba, albarushi a gwangwani mai suna, littafin awo da aka gwada a ɗakin bincike. Wannan kasuwa babu ita a ƙasashenmu, kuma da gangan ne. Yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta fara aiki a 2009, ba bindiga kaɗai ta shafa ba, har da harsashi da kayan da ake haɗa su. Ƙasashen tsakiyar Afirka, ciki har da Cadi da Kamaru, suna da tasu, yarjejeniyar Kinshasa ta 2010. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma dokokinsu na cikin gida suna nan, kuma Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ɗora harsashi a ƙarƙashin lasisi kamar bindigar kanta. Mafarauci mai takarda kartushin kamfani yake saye, irin na masana'antar MACC da ke Pointe-Noire a Kwango, ko na Bamako, ko wanda aka shigo da shi daga Turai. Wanda aka kama da injin matsi da buhun kwanso a Tawa ko Difa a wannan zamani, ba jandarman da zai tsaya sauraron lissafin santi uku.

Kwanson da ya faɗi a ƙasarmu yana da wani amfani na daban. A gindinsa akwai tambari: lambar masana'anta, sau da yawa kuma da shekarar da aka ƙera shi. Lamba 539 tana nufin Tula a Rasha, 17 Barnaul, 61 da 71 masana'antun ƙasar Sin. Masu bincike irin na ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda ta fitar da rahoto kan safarar makamai a Sahel a 2016, da waɗannan lambobi suke bin sawun harsashi, su gane ko daga rumbun Libiya ya fito ko daga ma'ajiyar wata rundunar da aka kai wa hari. Shi ya sa bayan an kai farmaki a ƙauye, yaran da ke tsince kwanso suna kai wa mai sayen tsohon ƙarfe kan kwashe shaidar tun kafin masu bincike su iso.